Kifin da Ba Ya Shiga Miya

Salama a gare ku, 'yan uwana masu bibiyar wannan shafi. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto tana tambaya ko mutuwa na yi ko aure. Ban yi ko ɗaya ba tukuna. Jinya ce ta ɓoye ni, kuma idan na faɗa muku abin da nake jinya wasunku za su yi dariya. Ku yi abarku, ni ma da ba a gidanmu aka haife ni ba da na taya ku.

Ga wadda yau ta fara karanta ni: sunana Umaima, ni ce auta a gidan marigayi Malam Ladan, nan Agege bayan layin dogo. A nan aka haife ni, a nan aka haifi Mama, Yarbanci a bakinmu kamar ruwa. Sana'ata kiwon kifi, amma ba irin wanda ya zo muku a rai ba. Wani ɗan kifi ne da bai wuce tsawon yatsa ba, jelarsa kamar an ɗinka masa ita da leshi. Ana ce masa beta, mutanen Legas kuma su ce faita, domin maza biyu ba sa zama a kwalba ɗaya sai sun yagi juna. Ado ake yi da shi a falo da ofis. Ba a ci.

Baba ne ya fara. Lokacin yana aiki a wani sito a unguwar Ijora wani abokin aikinsa ya ba shi guda biyu a tsohuwar kwalbar zuma, shi ke nan ciwo ya kama shi. Na tashi na ga kwalabe jere a tagar falonmu, na kuma tashi ina riƙe masa tocila yana leƙe. Namijin shi ke gina sheƙa da kumfa a saman ruwa, shi ke tsince ƙwai da baki ya kai ciki, idan ɗa ya faɗo ya bi shi ya ɗauko ya mayar.

"Kin gani ko, Auta?" in ji Baba. "Uwar ta yi ƙwai ta kama gabanta. Uban ne ke raino."

Sai Mama ta ɗago murya daga kicin, "To tunda uba ne ke raino, oya, zo ka karɓi wankin nan."

Bara kafin azumi Baba ya rasu. Ya bar mana gida, ya bar wa Mama ɗakinsa da ta kulle ta ɗaure makullin a bakin zaninta, ni kuma ya bar mini wani launi da ya shafe shekaru yana haɗawa: shuɗi mai duhu, bakin jelar ja kamar an tsoma a lalle. Namiji ɗaya ya rage mai wannan launin, na sa masa suna Ijora. Ya tsufa, har na fid da rai, sai ga shi watan nan ya tashi ya yi kumfa. Na sa masa mace, aka yi ƙwai, aka ƙyanƙyashe, ya yi rainonsa tsaf. Da 'ya'yan suka fara iyo da kansu na cire shi, bai daɗe ba ya kwanta a ƙasan kwalba bai ƙara tashi ba. Ya bar mini 'ya'ya sama da ɗari biyu a bahon roba, kowanne kamar gashin ido da aka ɗiga wa ido biyu.

Wannan ke nan. Sai maganar Haidar.

Haidar ɗan Zariya ne, yana sayar da latas da kabeji da karas a rumfar baffansa a kasuwar Mile 12. Dogo, baƙi, ba ya son hayaniya, kuma tun Baba na da rai yake zuwa. Baba na son sa. Ni ma ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa, har na ajiye lambarsa da sunan Mai Latas don kada Mama ta ga ina murmushi ta gane. Amma ranar da ya fara ganin kwalaben nan ya yi dariya ya ce, "Kifin da ba ya shiga miya, mene ne amfaninsa?" Na taya shi dariya, na kuma ajiye maganar a inda mata ke ajiye magana. Tun daga nan duk lokacin da aka ce a turo manya sai in samo dalili. Na yi ta kawo dalilai har suka ƙare, Baffa Isma'ila, ƙanin Baba, ya gaji ya yanke rana da kansa: Asabar manyan Haidar za su zo tambaya, kafin su zo kuma zai ji amsa daga bakina.

Ranar Lahadi Gwaggo Zuliha, yayar Baba, ta sauka daga Kano da jaka biyu. Ɗaya kayan sawarta, ɗaya turaren wuta da humra da kasko har uku. Ko mayafi ba ta cire ba idonta ya sauka a kan bahona da ke kusurwar falo.

"Wannan kuma kwatar mece ce a tsakiyar falo?"

"'Ya'yan kifi ne, Gwaggo."

Ta leƙa. Ruwan ja ne kamar shayin da ba madara, domin busasshen ganyen bishiyar furut nake jefawa ciki, shi ke kare su daga ciwo. A gefe kuma ga kwalabe uku na ruwan da na jiƙa ruɓaɓɓen latas. A cikinsa wasu halittu ke tsirowa, ƙanana kamar ƙura, su ne abincin jariran tunda bakinsu bai isa cin komai ba. Na yarda, warin ba na turare ba ne.

"Umaimatu, budurwa kamar ke, da iliminki da kyanki, ki zauna kina kiwon sauro? Manyan mutane za su zauna a nan. Wallahi kafin Asabar ko ki kwashe ko in juye shi a lambatu."

Na kalli Mama ko za ta ce wani abu. Ta ci gaba da ninke sallaya kamar ba da Hausa ake magana ba. Tun rasuwar Baba ko kallon kwalaben nan ba ta yi, idan za ta share falo sai ta kewaye su.

Litinin da hantsi na tafi wurin tela karɓo doguwar rigar da zan sa, atamfa ruwan zuma mai aikin zare a wuya. Tela ya yi halinsa, na zauna jiran a sa zif. Ina dawowa na tura ƙofar falo, sai ƙamshin sabulu ya tare ni. An goge ko'ina, an canja labule. Kwalaben latas an wanke su an kife a kan tire suna sheƙi. Bahon kuwa ruwan cikinsa fari tas, kana ganin ƙasansa, ba ganye ko ɗaya.

A ƙasan nan suke kwance. Farare, kamar an watsa garin shinkafa.

Na durƙusa da ledar tela a hannu. Na tsoma yatsa, ruwan sanyi ƙalau, irin na firji. A gefe ga guntun alif, farin dutsen nan da ake jefawa a ruwa don dattin ya kwanta. Babban kifi ma idan ka yi masa haka sai ya ji a jikinsa, balle jaririn da ko sati biyu bai cika ba. Ban yi kuka a lokacin ba.

"Wa ya taɓa mini baho?"

Mama na tsaye a ƙofar kicin, Gwaggo na zaune tana tsince shinkafa. Suka kalli juna.

"Ni ce," in ji Gwaggo, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na ce miki ba za a karɓi baƙi a kan ƙazanta ba. Sai me?"

Maganganu sun zo mini har maƙogwaro. Amma yayar Baba ce, goshinsu ma iri ɗaya. Na haɗiye, na juya mata baya, wanda a gidanmu ya fi zagi.

Sai na ga motsi. Can a jikin baho wani ɗan abu ya yi tsalle ya tsaya. Na kunna fitilar waya na bi gefe gefe ina ƙirgawa, na samu goma sha huɗu da sauran rai.

Allah ya taimake ni akwai jarkar tsohon ruwa da nake ajiyewa don manyan kifin, mai ganye, mai ɗumin ɗaki. Ba a juye musu shi gaba ɗaya, canji na biyu zai ƙarasa abin da na farko ya fara. Na ɗora jarkar a kan kujera, na sa siririn tiyo na ɗaure bakinsa yadda zai riƙa ɗiga kaɗan kaɗan, ni kuma ina zuƙe fararen gawarwakin da sirinji ina zubawa a kofi. Har la'asar ina durƙushe. Da na gama na rufe bahon da leda na huda ƙofofi, don iskar saman ruwan ta zauna da ɗumi. Kofin kuma na kai gindin fulawar Mama na tona na zuba, a nan ne kukan ya zo.

Saura abinci. An zubar da ruwan latas, sabo kuma ba ya nuna a rana ɗaya. Na dafa ƙwai, na lakato gwaiduwa a kan tsinken sakace, na dama a cokali na ɗiga musu. Gwaiduwa tana riƙe rai amma tana ɓata ruwa, duk wanda ya ba da ita sai ya zauna gadin ta da sirinji.

Wayata ta yi ƙarar shigowar saƙo. Mai Latas.

"Hajiyar kifi, shiru yau. Tela ya cika alkawari?"

Na ɗauki hoton bahon na tura masa. Na rubuta, "Sun mutu. Saura 14."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Na ce a raina, bismillah, faɗi maganar miyar.

"Inna lillahi. Na Baba ne ko?"

"Su ne."

"Me suke buƙata yanzu?"

"Latas. Wanda ya yi laushi, wanda kuke zubarwa."

Kafin magariba yana ƙofar gida, rigar kasuwa a jikinsa, ko wanka bai tsaya yi ba, ya sha cunkoson danfo, motar hayar Legas, tun daga Mile 12. Na fito da hijabi, idona a kumbure. Ya miƙo mini baƙar leda tana ɗigar ruwa.

"Na zaɓo wanda ya fi lalacewa," ya ce. "Yaran rumfa sun ɗauka na samu taɓin hankali."

'Yan uwa, an kawo mini turare a rayuwata, an kawo mini agogo. Ban taɓa karɓar kyautar da ta sa ƙirjina ya yi nauyi kamar ruɓaɓɓen latas ɗin nan ba. Amma ban nuna masa ba. Zuwa ɗaya ai kowa ma zai iya, ana cikin tausayi. Na yi godiya na koma ciki.

Talata na wayi gari da goma sha biyu. Laraba goma sha ɗaya. Kowace safiya kafin in kunna fitila sai na yi addu'a, kamar mai shiga ɗakin marar lafiya. Na daina fita. Mai lalle ta zo, na ce a ƙafa kawai, hannuna yana shiga ruwan kifi. Gwaggo ta tafa hannu ta ce ita dai ta ga ikon Allah, amarya da farin hannu kamar mai wankau. Ina gaishe ta da safe, ina kai mata ruwan alwala, amma kallon fuskarta na daina.

Ita kuwa ba ta fasa shirinta ba. Juma'a za a fesa maganin sauro a falo da ɗakuna, a rufe tagogi, sannan a kunna kasko uku har labule su kama ƙamshi. 'Yan uwa mata za su cika ɗakina. Maganin sauro ko ɗan kaɗan ya sauka a ruwan nan an gama, hayaƙi ma ba su da ƙarfin ɗaukarsa. Na zagaya gidan nan a kaina ya fi a ƙirga. Kicin hayaƙi. Bayan gida janaretan masu haya da kyanwar Iya Bose maƙwabciyarmu, ga ruwan sama. Haidar ya ce ya zo ya ɗauke su, na ce kafin danfo ya fita ramukan Agege sun zama kunu. Ƙofa ɗaya ce ban sa a lissafi ba, ita ma don na san ba a maganarta.

Ranar Alhamis da rana na je harabar Islamiyyar unguwa tsinto busasshen ganyen furut. Gwaggo ta fita da Iya Bose sayen kaji. Na dawo na shigo a hankali don kada in ta da Mama daga barcin rana, sai na same ta durƙushe a gaban baho, ta ɗage gefen ledar. A hannunta gilashin Baba ne, mai ƙara girman abu, mai mariƙin da ya naɗe da baƙin salatif. Rabona da ganin sa tun ranar da aka kulle ɗakin.

Magana take yi ƙasa ƙasa, tana yi musu sannu da Yarbanci. "Pele. Ku ci abinci mana. Pele, ku yi haƙuri."

"Mama?"

Ta zabura har gilashin ya kusa faɗawa ruwa. Ta zauna daɓas a kan leda, ta gyara ɗankwali, ta kalle ni. Labarin zuciya a tambayi fuska.

"Nawa suka rage, Auta? Idona ba ya gani sosai."

"Sha ɗaya."

Ta jinjina kai. "Ba Gwaggonki ba ce. Ni ce."

Na ajiye ganyen a hankali.

"Ta ce za ta juye su a lambatu, kin kuma san ta, za ta iya. Sai na ce bari in wanke ruwan ya yi fes, ta rasa abin faɗa. Na tace su da rariyar shayi, ɗaya ɗaya nake bi. Ban yarda da ruwan bohol ɗinmu ba, na sa alif. Na ga bai isa ba na ƙara da fiya wata na leda daga firji, wai mai kyau nake ba su." Ta juya gilashin a hannunta. "Shekara talatin ina kallon mutumin nan yana wasa da ruwa, ban taɓa tambayarsa me ya sa yake barin sa ja ba. Na ɗauka ƙyuya ce irin ta maza."

Garin neman gira aka rasa ido. Na so in yi fushi, na neme shi ma, ban same shi ba. Tausayinta ne ya rufe ni, da kunyar kwanakin da na yi ina hukunta tsohuwar da ba ta yi komai ba.

"To me ya sa Gwaggo ta ce ita ce?"

"Ta ce gara ki ƙi ta, ita da za ta hau mota ta koma Kano. Ba za ta bari uwa da 'ya su shiga satin nan ba sa ga maciji ba."

Na matsa na zauna kusa da ita. Muka yi kukanmu a gaban bahon roba kamar waɗanda aka yi wa sabuwar rasuwa, kuma ina jin ba kifi kaɗai muke yi wa ba. Da muka tsagaita na karɓi gilashin na nuna mata yadda Baba ke riƙe shi, nesa kaɗan da ido. Na ɗigo ruwan latas, wanda ya fara nuna. Ta ga ɗan mitsitsin abu ya lanƙwashe jiki ya kai cafka.

"Ya ci," ta ce. "Wallahi ya ci, Auta."

Sai ta kai hannu bakin zaninta ta fara kwance ƙulli. Haƙora ta sa, don ƙullin ya daɗe. Ta ɗora mini makullin a tafin hannu.

"Tagarsa ba ta kallon falo. A toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma, hayaƙi ba zai shiga ba. Dama ɗakin ubansu ne."

Juma'a da safe muka yi ƙaura. Na rage ruwan, Mama ta kama gefe na kama gefe, muna jan ƙafa don kada ya yi tangaɗi. Muna zuwa tsakiyar falo sai ga Gwaggo ta sha gabanmu. Na ɗauka faɗa ne. Ta ture kujera daga hanya, ta riƙe mana labule.

"Gwaggo," na ce, "ki yafe mini."

"Ke tafi can, kada ki zubar mini da kwata a kan kafet." Amma ta kai gefen mayafi ta goge ido.

Ɗakin Baba yana nan yadda ya bar shi. Hularsa a kan ƙusa, rediyonsa, tabon kwalabe zagaye zagaye a kan teburi. Muka ɗora bahon daidai inda tabon ya fi yawa, na kwaso kwalaben manyan kifin da na latas na jera a gefe. Na toshe ƙofa, aka fesa maganinsu, aka kunna kaskonsu, gida ya cika da 'yan uwa da shewa. Ni ina ciki da sirinji, ina fita in gaisa in dawo.

Da yamma na ƙirga. Goma. Na sake, goma. Na duba ƙasan baho ban ga gawa ba, amma abin da bai kai gashin ido ba ina wuyar ɓacewa. Na ce ko ɗaukar da muka yi ce, ko hayaƙi ya sami hanya, ko haka za su yi ta tafiya ɗaya ɗaya har in wayi gari da baho da ruwa. Na ɗauki ɗan bidiyo na tura wa Haidar, na rubuta, "Saura 10." Ya buɗe bai ce komai ba. Na ce ai dama, mutum yana shirin ɗinki da aski, ina ruwansa da ƙirgen gashin ido. Na kife wayar raina a ɓace.

Asabar bayan na idar da sallar asuba na ga saƙon murya. Na sa a kunne.

"Hajiyar kifi, ki yi haƙuri ban amsa jiya ba, ban so in faɗi abin da ban tabbatar ba. Na yi ta tsayar da bidiyon ina dubawa. Ki duba ganyen da ke hagu, wanda gefensa ya naɗe. Akwai ɗaya a cikin naɗin, jelarsa kawai ke fitowa. Sha ɗaya ne. Na rantse sha ɗaya ne."

Na shiga ɗakin Baba ko takalmi ban sa ba. Na ɗauki tsinke na taɓa ganyen a hankali. Ya fito a guje, cikinsa a cike, ya ma fi sauran girma. Ɗan banza ashe wuri ya samu.

Na zauna a bakin gadon Baba ina dariya, hawaye na zuba. Mutumin da ya ce kifin nan ba shi da amfani shi ne ya zauna yana tsayar da bidiyo yana neman jelar da ni mai su ban gani ba. Maganar da na ajiye shekara biyu na neme ta a inda na ajiye, na tarar ta narke.

Da hantsi Baffa Isma'ila ya iso cikin farar shadda. Ya sa aka kira ni ɗakin Mama. Na durƙusa, na sunkuyar da kai, rigar ruwan zuma a jikina, mayafi ruwan madara.

"Umaima, mutanen nan suna hanya. Ubanki ya bar mini amanarki, ba zan ba da ke a kan shiru ba. Me zan ce musu?"

Mama ta kalle ni. Gwaggo ta daina kaɗa mafici.

"Duk abin da kuka yanke, Baffa."

"Wannan amsar 'yan da ce. Taki nake tambaya."

Na ja mayafi na rufe fuska. "Na amince."

Gwaggo ta buɗe baki za ta rangaɗa guɗa, Baffa ya ɗaga mata hannu ya ce ta bari baƙi su zo tukuna. Ni kuwa na sulale na koma ɗakin Baba, lokacin ciyarwa ya yi. Na cire mayafi na rataye a ƙusa kusa da hular Baba, na naɗe hannun riga har gwiwar hannu, na ɗauki sirinji.

Ina cikin zuƙe datti na ji tsayuwar mota, na ji sallama da jan kujeru. Bango ɗaya ne tsakanina da falo. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka ajiye goro da alewa. Sai wata murya mai kauri, ta dattijo, wadda na gane ta Alhaji Mamman ce, baffan Haidar mai rumfar.

"Kafin mu shiga abin da ya kawo mu, Malam Isma'ila, ga wannan ledar. A kai ciki. A yi haƙuri da warinta, tun daga Mile 12 nake riƙe da ita a wajen taga."

Na ji muryar Gwaggo daga bayan labule, a shaƙe, "Mece ce a ciki, Alhaji?"

"Latas ne, Hajiya, wanda ya lalace. Na kifin yarinyar ne. Yaron nan ya hana a zubar da ko ganye ɗaya a rumfata, ya jera mini kwalabe a ƙarƙashin teburi yana jiƙawa, wai ko nata zai ƙi nuna. Ya sa kafinta ya buga kantar jera kwalabe a ɗakin da ya kama wa amarya, tun kafin a sayi gado." Ya yi gyaran murya. "Ni dai shekarata arba'in ina sayar da abin miya. Ba zan nema wa ɗana aure ba sai na ga kifin nan da idona. Ina yake?"

Na kalli hannuna, jiƙe har gwiwa, yana warin latas. Na kalli mayafina a can kan ƙusa. Sirinjin cike yake, idan na sake shi dattin zai koma kansu.

Na ji Mama ta ce, da wata murya da rabona da jin ta tun Baba na da rai, "Bismillah, Alhaji. Suna ɗakin maigidan. A dai taka a hankali, ba sa son girgiza."

Jiƙaƙƙen tsumman da ke ƙasan ƙofa ya fara ja da baya.